"Sai An Yi Mata Fomatin": Kalma Ɗaya Da Ta Cinye Littafi Guda

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, kuma ba sharhin wani littafi ba ne, duk da cewa littafi ne ya jawo maganar, wato littafin da ni da ku ba za mu taɓa karanta shi yadda mai shi ta rubuta shi da farko ba.

'Yar yayata ce, malamar firamare a Gwaram. Shekara biyu da rabi ta yi tana rubuta wani labari da daddare, bayan yara sun yi barci, a kan wata laftof ta hannu da maigidanta ya sayo mata a Kano. Ta kai babi na 31. Rannan ta kunna kwamfutar sai ta ƙi tashi, ta tsaya a kan tambari tana ta juyi kamar mai neman alƙibla. Washegari ƙaninta ya saka ta a jaka ya hau mota zuwa Birnin Kudu, ya kai ta wani shago da ake gyaran waya da kwamfuta. Mai gyara ya duba ya ce, "Sai an yi mata fomatin." Yaro ya ce, "To a yi." Kafin la'asar kwamfuta ta dawo gida tas, tana gudu kamar ranar da aka ƙera ta. Bayan isha'i sai ga waya: "Kawu, don Allah ka zo ka duba min, ban ga littafina ba."

Da gari ya waye na ɗauki kwamfutar na koma shagon da kaina, kuma ba zan ɓoye muku ba, da faɗa na tafi. Sai na tarar da saurayi mai ladabi, wanda bai wuce shekara 22 ba. Ya ce, "Baba, wallahi ba a gaya min akwai kaya a ciki ba. Da na zo wajen zaɓen inda zan zuba, sai ta ƙi karɓa, ta rubuto min wani abu. To mu idan ta yi haka sharewa muke yi gaba ɗaya, sai ta karɓa. Haka ogana ya koya min." Na tambaye shi ko ya karanta abin da ta rubuto. Ya yi murmushi ya ce ai kullum shi take rubutowa. Jikina ya yi sanyi, faɗan ya tafi. Daga baya mun tsinto babi 9 a wayoyin ƙawayenta da ta riƙa tura wa ta WhatsApp suna karantawa. Sauran 22 ɗin sai dai haƙuri.

Na san abin da wasu za su ce, kuma gaskiyarsu: me ya hana ta ajiye kwafe a wani wuri? Na faɗa mata haka, ita ma ta faɗa wa kanta fiye da sau ɗari. Amma ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Aikin da aka yi wa kwamfutar nan, wato sake zuba mata babbar manhaja, shi ne aiki mafi haɗari da talaka ke yi wa kwamfutarsa, kuma shi ne aikin da masu ƙera manhaja suka fi barin sa cikin duhu. Sun ƙawata falo, sun sa labule da kujeru, amma ƙofar shiga gidan sun bar ta a zaure mai rami, babu fitila.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda bai saba ba. Babbar manhaja ita ce ruhin kwamfuta, irin su Windows da Linux da macOS. A waya kuma Android. In ta lalace, ba yadda za a yi kwamfuta ta gyara kanta da kanta, sai an tashe ta daga waje. A da can da faifan fulofi ake yi, daga baya aka koma faifan CD da DVD, yanzu kuwa filash ne. Wanda ya yi zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, zai tuna shuɗin allon nan mai farin rubutu, da danna F8 don ka yarda da sharuɗɗan da ba ka karanta ba, da kuma neman fulofi ido rufe idan ta ce ba ta ga ma'adanar kwamfutar ba. To, an bar shuɗin allo, an sa hotuna masu kyau, amma in ka duba da idon basira tambayoyin da ake yi wa mutum ba su ragu ba, wasu ma ƙaruwa suka yi.

Mu ɗauki ɗalibi a Sara ko Basirka ko Kantoga wanda ya ce yau shi zai yi da kansa. Da farko sai ya sami wata kwamfutar mai lafiya, tunda tasa ta mutu. Sannan ya sauko da fayil ɗin Windows 11 daga intanet, wanda nauyinsa ya haura gigabayit 5. Mutumin Amurka ko Jamus ba zai ga wannan a matsayin komai ba, shayi zai haɗa kafin ya dawo ta gama. Mu kuwa kuɗi ne tsaba, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, ga kuma sabis da zai kai ka kashi 80 ya yanke, ga wuta da ba ta da alƙawari. In Allah ya taimake shi ya gama, sai ya nemi filash mai aƙalla gigabayit 8, wanda shi ma duk abin da ke cikinsa zai tafi. Kuma ba kwafe fayil ɗin kawai zai yi ya jefa a ciki ba kamar waƙa, a'a, sai an yi wa filash ɗin wani shiri na musamman da wata manhaja kafin kwamfuta ta yarda ta tashi daga kansa.

A nan ne ake fara jarrabawa. Manhajar za ta tambaye shi: MBR ko GPT? BIOS ko UEFI? FAT32 ko NTFS? Don Allah mai karatu, wane ɗan aji shida ne zai amsa wannan? Abin da ake nufi a taƙaice shi ne, akwai tsohon tsarin yanka ma'adana gida-gida da tsohuwar hanyar tayar da kwamfuta, tun na farkon shekarun 1980, akwai kuma sabon tsari da ya mamaye kasuwa daga wajen 2012 da Windows 8 ta fito. Tsoho da tsoho suke tafiya, sabo da sabo. In ka tayar da filash ta tsohuwar hanya alhali ma'adanar a sabon tsari take, ko akasin haka, sai a ce maka ba za a iya zubawa a nan ba. Wannan saƙon ne irin wanda masu gyara ke gani kullum. Maganinsa sau da yawa bai wuce ka kashe kwamfutar ka sake tayar da filash ɗin ta ɗaya hanyar ba, aikin minti biyu. Amma allon ba zai gaya maka haka da maganar mutane ba. Abin da ke kusa da hannunka shi ne maɓallin sharewa, kuma in ka share komai lallai za ta karɓa. Shi ya sa sharewa ta zama sunnar masu gyara, oga ya koya wa yaro, yaro ya koya wa nasa yaron.

Na ma tsallake wani mataki. Kafin a kai nan sai ka san maɓallin da za ka danna a daƙiƙa biyun farko bayan kunnawa don kwamfuta ta ba ka zaɓin tashi daga filash. HP tana son F9, Dell da Lenovo galibi F12, wasu ASUS kuma Esc. Shekara fiye da 40 ana ƙera waɗannan na'urori, kamfanoni sun kasa zama su yarda da maɓalli guda! Ko direbobin tashar Birnin Kudu sun fi su haɗin kai, tunda aƙalla kowa ya san layin da motar Kano take tsayawa.

Allon da ya fi ba ni haushi dai shi ne na zaɓen wurin zubawa. Za a jero maka ɓangarorin ma'adana huɗu ko biyar da lambobi da girman kowanne, shi ke nan. Babu inda za a ce maka wannan ɓangaren yana ɗauke da takardu kaza da hotuna kaza, na ƙarshe an taɓa shi jiya da daddare. Alhali kwamfutar tana iya karanta wannan bayani, ba gaibu ba ne a wurinta, in dai ma'adanar ba a kulle take ba. Wayar hannu mafi araha in za ka goge hoto guda sai ta nuna maka hoton ta tambaye ka. Amma manhajar da za ta goge aikin shekara biyu da rabi ba za ta nuna maka ko sunan fayil ɗaya ba, iyakarta gargaɗi na gama-gari da ido ya saba da shi har ya daina gani. A sabon tsarin da Microsoft ta fitar da shi a 2024 an ƙara wani ɗan akwati da sai ka sa masa alama cewa ka yarda komai zai tafi. To madalla, an motsa. Sai dai da Turanci ne, kuma mai gyaran da yake yin wannan aiki sau biyar a rana zai sa alamar nan ba tare da ya ɗaga kai ba.

Ga kuma sabon shinge. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ba ta son a gama saita ta sai da intanet da kuma asusun Microsoft. Wato mutumin da ya zo daga Farin Dutse da kwamfutarsa, wanda ƙila imel ɗinsa wani ne ya buɗe masa a kafe lokacin rajistar JAMB kuma ya manta kalmar sirrin, sai ya tsaya a tsakiyar hanya, bai ga tsuntsu bai ga tarko. Sannan tana neman wani guntu na tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko makamanciyarta. Duk wanda ya san titin Beirut a Kano ya san cewa laftof ɗin da talaka ke iya saye, irin su HP EliteBook 840 G3 da ThinkPad T460 da Dell Latitude na zamaninsu, zubi na 6 ne, wato ba sa cikin lissafi. Windows 10 kuwa Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, ta ba masu amfani na gida damar shiga wani shirin ƙarin wa'adi zuwa Oktoban 2026. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, kwamfutocin da Turai da Amurka ke zubarwa saboda wannan dalili nan za su ƙaraso, kuma kowacce sai an sake zuba mata wani abu. Aikin fomatin ba raguwa zai yi ba a ƙasar nan, ƙaruwa zai yi.

Kada a ce ban yi adalci ba. Akwai waɗanda suka yi ƙoƙari, kuma abin mamaki yawancinsu ba manyan kamfanoni ba ne. Manhajar Rufus, wadda kusan duk mai gyara a Najeriya ya santa ko da bai san sunan mai ita ba, wani mutum guda ne, Pete Batard, ya fitar da ita a 2011, kyauta, kuma ƙarama ce ƙwarai. Ventoy da ta fito a 2020 ta ma fi ta sauƙi ta wani gefen: sau ɗaya za ka shirya filash, daga nan sai dai ka riƙa jefa fayilolin manhajoji a ciki kamar yadda kake jefa waƙa, in ka kunna ta jero maka su ka zaɓa. Su kuwa mutanen Linux, irin su Ubuntu da Linux Mint, sun zo da abin da ni a ganina shi ne mafi amfani ga irinmu: kana iya tayar da kwamfuta daga filash, manhajar ta yi aiki cikakke ba tare da ta taɓa ma'adanarka ba. Ka buɗe, ka ga fayilolinka, ka kwashe su zuwa wani wuri, sannan ka yi duk fomatin ɗin da ka ga dama. Da saurayin nan yana da irin wannan filash guda ɗaya a aljihunsa, kuma an koya masa ya fara da shi, da minti 15 sun isa a ceci littafin nan. Wannan ne abin da yake hana ni barci in na tuna.

Tsofaffin hannu za su tuna lokacin da kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, yake aiko da faifan Ubuntu kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, har aka dakatar da shirin a 2011. Wancan shiri ya gane wani abu da yanzu aka manta: cewa ga mutane da yawa wahalar ba ta fara daga allo ba, daga samun manhajar ma take farawa.

Sai maganar harshe, wadda ita ce ta fi shafar mu masu karatu da rubutun Hausa. Microsoft ta taɓa fitar da fassarar Hausa ta fuskar Windows, an yi ta a zamanin Windows 7 da Windows 8, kuma akwai tsarin allon rubutu na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ. Amma fassarar sai bayan an gama zubawa ake ɗora ta a kan Turanci. Shi kansa matakin zubawar, inda haɗarin yake, akwai shi da Larabci da Faransanci da Turkanci da wasu harsuna da dama, babu Hausa. Ka ga an ba ka tafinta bayan an gama shari'a an yanke hukunci. Kuma ba fassarar kalma da kalma nake nufi ba, irin wadda za ka karanta ka koma neman Turancin don ka gane Hausar. Ina nufin jumla irin wadda uwa za ta faɗa wa ɗanta: "Tsaya. Akwai kayan wani a nan. Ka kwashe su?" Manhajojin zubawa na ɓangaren Linux 'yan sa-kai ne ke fassara su, ƙofa a buɗe take ga kowa, kuma duk rubutun da ke cikinsu bai kai tsawon littafi guda daga cikin waɗanda muke karantawa a dare biyu ba. Muna da marubuta da za su rubuta shafi 500 a kan kishi da uwar miji, kuma ina cikin masu karantawa, ba gori nake yi ba. Muna da matasan da suka ɗauki Wikipedia ta Hausa a kafaɗarsu ba tare da an biya su albashi ba. Ashe ba za a sami mutum biyar da za su zauna su fassara allon da ke cinye littattafan ba?

Wani abokina da na yi wannan maganar da shi ya ce, "Malam, kai so kake ka kashe wa yara kasuwa. In kowa ya iya, wa zai kai gyara?" Na ce masa ai wayar Android kowa yana iya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani da danna uku, amma je ka Farm Centre a Kano ka gani ko masu gyaran waya sun rasa abin yi. Mai gyara ba da jahilcin mutane ya kamata ya ci abinci ba, kuma ba da shi yake ci ba. Allo na fashewa, batir na mutuwa, madannai na lalacewa. Hasali ma sauƙin zai fi amfanar mai gyaran, domin shi ne ake zagi in kaya sun ɓata. Wanda zai ce wa mai kaya, "Hajiya, kwashe kaya kuɗinsa kaza, zubawa kuɗinsa kaza," ya ƙara wa kansa sana'a ne a kan sana'a.

Akwai ma wata asarar da ake yi a ɓoye saboda wannan duhun. Tun daga Windows 8, kwamfutocin da aka sayar da Windows a cikinsu suna ɗauke da lambar lasisinsu a jikin na'urar, ba a takardar da ake mannawa a ƙasa ba. Da yawa daga cikin na hannun da ke shigowa da halastaccen lasisinsu suke zuwa, in aka zuba nau'in da ya dace da kanta za ta gane shi. Amma sai a zuba wani nau'in daban na sata, a bi shi da wata manhajar fasa ƙwauri da ba wanda ya san me ke cikinta. Mutum yana da nasa na halas a aljihu an sa shi cin haram, an kuma bar masa ƙofa a buɗe ga ƙwayoyin cuta. Haka nan tun Windows 8 ɗin akwai hanyar sabunta manhaja daga cikinta tare da barin fayilolin mutum, wadda sau da yawa ana iya kaiwa gare ta ko da kwamfutar ta ƙi tashi. Mutum nawa ne suka san da ita a tsakanin Babaldu da Gwaram?

Jigawa ba baƙuwar kwamfuta ba ce. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa ta Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su san inda aka dosa ba. Tun 2015 kuma jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, don haka ɗan Gwaram da ɗan Legas allo ɗaya suke fuskanta. Birnin Kudu gari ne na makarantu, ga tsohuwar kwalejin gwamnati da ta yaye manya, ga kwalejin koyon aikin jinya, ga asibitin tarayya. Laftof tana hannun ɗalibai da ma'aikata fiye da yadda ake zato, kuma a cikin kowacce akwai furojet ko sakamakon bincike ko hotunan biki da ba su da na biyu. Amma darasin kwamfuta da ake koya wa yaranmu har yanzu yawancinsa haddar ma'ana ce, a zana linzami a allo a rubuta sunansa. Awa biyu kacal a zango, a kawo tsohuwar kwamfuta guda da filash guda, a bar yara su tayar da ita daga waje, su kwashe fayil, su ga allon nan mai ɓangarori da idonsu a inda kuskure ba zai kashe kowa ba. Wannan ba ya buƙatar kwangila ko taron ƙaddamarwa, shi ya sa ma nake tsoron ba za a yi ba.

Mu da ke nan ba mu da ikon sa Microsoft ko HP su canza allo, sai dai mu faɗa, kuma ga shi na faɗa. Abin da ke hannuna shi na yi. Na sayi filash biyu, na sa Ventoy a kowanne tare da Linux Mint, na kai wa saurayin nan ɗaya. Muka zauna a benci a ƙofar shagonsa, na nuna masa yadda zai tayar da matacciyar kwamfuta ya ga kayan da ke ciki. Da fayilolin wata kwamfutar da aka kawo masa suka bayyana a allo sai ya riƙe baki ya ce, "Baba, ashe dama suna nan?" Na ce suna nan, kullum suna nan, sai an share su suke tafiya. Ya ɗauko maka ya rubuta a kwali ya manna a bango: A FAƊI IN AKWAI KAYA A CIKI KAFIN FOMATIN. Na ce ya ƙara da cewa ko ba a faɗa ba zai duba, ya ce kwalin ya cika, sai ya samo wani.

Ɗaya filash ɗin yana Gwaram a cikin kwabar 'yar yayata. Ta sake kama rubutun daga babi na 10, ta ce wasu wuraren sun fi na da kyau, amma akwai wata hira tsakanin jarumar da kakarta a babi na 17 da ta yi ta nema a kanta ta kasa dawo da ita yadda take. Yanzu duk babin da ta gama sai ta tura min ta imel kafin ta kwanta. Na 14 ne ya shigo daren jiya.